Mu 13 ne a gida, wace tukunyar suya da iska zan saya?

Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Mu biyu ne wurin Maigida, ni ce uwargida, gida ɗaya muke, girki kwana bibbiyu. In an haɗa yarana biyar, na abokiyar zamana uku, Inna mahaifiyar Maigida, da ɗan ƙaninsa da ke karatu a wurinmu, mu 13 ke nan, ban da kwanon da ke fita waje. Watan jiya likita ya ce jinin Maigida ya hau, ya rage mai da gishiri, shi kuwa mutum ne da in babu soyayyen abu a faranti sai ya ce bai ci abinci ba. Adashina zai fito ƙarshen wata, ina so in sayi tukunyar nan mai suya da iska, wadda 'yan kasuwa ke kira eya-firaya. Ƙanena zai je Kano, wani mai shago da ya sani ya turo hotuna: akwai mai lita 3.5, akwai mai lita 6, akwai mai aljihu biyu lita 9, sai wata kamar ƙaramin tanderu lita 12. Maigida ya ce in ɗauki ƙaramar tunda don shi ne. Ƙawata ta ce in ban sayi babbar ba zan ji kunya. Ni kuma tsorona kar a ce na ware miji ina yi masa girki daban, ko na yi wa 'ya'yan wata rowa. Kontar wutarmu, wato mita, ɗaya ce, Maigida ke biya. Wacce zan saya?

Uwar yara biyar, Birni

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri da kika yi niyyar zuba kuɗin adashinki a kan lafiyarsa maimakon turmin atamfa.

Ki ɗauki mai lita 6. Sai dai akwai sharaɗi biyu: gindin kwandonta ya zama mai faɗi, kuma kontar gidanku ta iya ɗaukarta. Bayan su akwai maganar abokiyar zamanki, wadda na lura ita ce ta fi hana ki barci, ko da yake can ƙarshen wasiƙa kika lallaɓa kika saka ta. Za mu zo kanta.

Kin fara da ƙirga mutum 13, nan kuwa lissafin ya karkace. A cikin huɗun da aka turo miki babu wadda za ta ciyar da mutum 13 a zubi ɗaya, har da mai lita 12 ɗin. Ba don irin gidajenmu aka ƙera abin ba tun asali. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da tasa a shekarar 2010, a wani bajekolin kayan lantarki a birnin Balin na Jamus, daga nan ta bazu ko'ina, kuma gidan da masu ƙerawa ke hange shi ne na miji da mata da yara biyu masu son soyayyen dankalin turawa. Shi ya sa za ki ga an buga a jikin kwali wai ta mutum huɗu ce ko ta mutum shida. Mutum shidan nasu ba su san baƙon da zai yi sallama ana cikin zuba abinci ba, ba su san kwanon maƙwabta ba, balle almajirin da ke jiran ragowa a zaure. Mu nan in aka ce gidan mutum 13 ne, tukunyar mutum 18 ake ɗorawa.

Sunan ma da aka ba ta yana ruɗa mutane, don abin da take yi gashi ne. In kika jawo aljihun kika leƙa sama, za ki ga wani nannaɗaɗɗen ƙarfe irin na rishon lantarki, a bayansa kuma akwai fanka. Ƙarfen ya ɗauki zafi, fankar ta huro shi ƙasa da ƙarfi, yawancinsu har digiri 200. Ƙaramin tanderu ne mai fanka, iyakarsa ke nan. In kin zuba nama a kaskon mai, ya nutse, man yana shiga kowane lungu, sama da ƙasa da tsakiya duk su soyu lokaci guda. Iska kuwa abin da ta taɓa kaɗai take gasawa. Jibga nama kan nama, na sama ya ƙone, na tsakiya ya yi gumi ya fito fari-fari kamar an turara shi. Don haka abin da za ki ci moriyarsa a kwando shi ne shimfiɗar gindinsa. Lita kuwa zurfi da faɗi take haɗawa ta ba ki lamba ɗaya mai daɗin ji.

Ni da kuɗina na koyi wannan darasi. Ta farko da na saya 'yar ƙarama ce, lita 3, mai zagayayyen gindi kamar kwanon sha. Azumi ya zo, na ce bari in burge 'yan gida. Aka yanka mini kaji biyu, na sulala su da tafarnuwa da citta da masoro, na fara gashi da la'asar sakaliya. Tsoka biyar kawai gindin ke ɗauka in ana so kowace ta sami wurin shan iska. Zubin farko ya fito jawur, ƙamshi har ƙofar gida. Na juye a kwano na rufe, na sa na biyu. Kafin na uku ya fito, na farko ya huce, gumin murfi ya jiƙa fatar ta saki. Da na ga rana ta yi ƙasa sai na tura sauran duka a zubi na huɗu, har ina dannawa da bayan cokali don aljihun ya rufu. Ladan yana kiran magariba ina tsugune ina tsince waɗanda suka gasu daga waɗanda ba su gasu ba, autana tsaye a kaina da dabino a hannu yana tambaya ko yau an fasa cin kazar ne. Ƙarshenta kasko na ɗora bayan salla, da man nan da na yi alkawarin ba zan taɓa ba.

Abin da ƙaramar da Maigida ya zaɓa za ta yi miki ke nan. Hujjarsa ta cewa don shi kaɗai ne tana da kyau a baki, amma a gidan da ke da yara takwas babu wanda ya taɓa gasa kaza don mutum ɗaya. Ƙamshi ba ya neman izini. Ga Inna, wadda ita ma shekarunta sun kai na rage maiƙo, kuma ba za ki miƙa wa ɗanta faranti ki wuce ta ba. Mai lita 3.5 ta gwauro ce, ko ɗalibi a ɗakin haya, ko amarya da ango kafin a fara haihuwa.

Ga yadda za ki gane girman gaskiya ba tare da kin dogara da rubutun kwali ba. Ki ari tef ɗin awo wurin telanki ki ba ƙanenki ya tafi da shi. Kwando mai kusurwa huɗu wanda kowane gefensa santimita 22 ne, shimfiɗarsa murabba'in santimita 484 ce. Zagayayye mai faɗin 22 ɗin daidai, 380 kawai gare shi. Tazarar ta haura kashi ɗaya cikin huɗu, wato cinya biyu ko uku, alhali a hoto sai ki rantse girmansu ɗaya. In kuma yana so ya kama ƙaryar lita, ya auna tsawo da faɗi da zurfi ya ninka: 22 sau 22 sau 12 ya ba da 5,808, wato lita 5.8. Wannan ita ce mai lita 6 ta gaske. Na faɗi haka ne don wasu masu ƙerawa ba kwandon suke aunawa ba, dukan ramin da aljihun ke shiga suke lissafawa, sai ki ga an buga lita 8 a kan abin da bai fi 5 ba. Tun kafin ya tafi ma kina iya gwadawa a gida: ki yanko kwali santimita 22 kowane gefe, ki shimfiɗa leda a kai, ranar da kika yanka kaza ki jera tsokokin, ki bar ɗan yatsa tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Abin da ya hau shi ne zubi ɗaya. Gani ya kori ji.

Da kajinmu na gida, da ba su da jiki kamar na gidan gona, za ki ga tsoka takwas zuwa goma sun hau. Zubi ɗaya ya ishi Maigida da Inna da ke da abokiyar zamanki har da saura. Zubi biyu, kowane yaro ya sami tsoka, manya su sami bibbiyu. In kin riga kin sulala naman, kowane zubi bai wuce minti 15 ba, ke nan rabin awa kin gama, na farko bai kai ga hucewa ba. Kaza guda ba a daddatsa ba ma tana shiga, haka zabo, haka kifi biyu matsakaita. Wannan shi ne awon da nake bi: in aikin yau da kullum zai ƙare a zubi biyu, girman ya yi. In sai an yi huɗu, ta yi ƙanƙanta. In kuwa kina neman wadda za ta gama komai a zubi ɗaya ranar suna ko ranar Salla, kin shiga neman abin da babu shi a kasuwa.

Mai aljihu biyun da ƙawarki za ta so, lita 9 ɗin rabawa aka yi, huɗu da rabi nan, huɗu da rabi can, kowane aljihu siriri mai zurfi. Kyawunta a gasa kifi a gefe ɗaya, dankali a ɗaya gefen, su fito tare. Amma kaza guda da ƙyar take zama a ciki, ga wanki ninki biyu, mu kuwa mutanen Damagaram mun san kuɗin jarka da jiran mai garuwa. Babban aibinta a wurinki wuta ce, zan zo nan. Ita kuma mai kama da tanderu, faranti uku ake jera mata hawa-hawa, sai dai zafin daga sama yake saukowa, na sama ya gasu, na ƙasa yana jiran layi, dole ki riƙa buɗewa kina sauya musu wuri. Ƙarfin wutarta kusan ɗaya ne da na mai lita 6, an kuma ce ya ɗumama cikin da ya ninka nata girma, to ina saurin? Tana da daɗi wajen tsire da gyaɗa da ɗumama burodi, ban hana ba. In dai zuciyarki ta kafe a kan abin da zai ɗauki gidan duka, gara ki haƙura zuwa wani adashin ki sayi murhun gas mai tanderu a ƙasa. Tire ɗaya nasa ya ninka kwandon nan, ba ya jiran a kawo wuta, gas kuma a maƙwabtanmu ake yinsa tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011.

To, maganar konta, wadda ta fi lita muhimmanci, kuma ba ɗan kasuwar da zai fara ɗauko miki ita. A ƙarƙashin kowace tukunya akwai 'yar takarda da aka liƙa, an rubuta wat nawa take ja. Ƙananan sukan tsaya tsakanin 1,000 da 1,400, masu lita 5 zuwa 6 tsakanin 1,500 da 1,800, masu aljihu biyu kuwa sukan kai 2,400. Wutarmu a Nijar bolt 220 ce, sai ki raba wat ɗin da 220, abin da ya fito shi ne ampa. Mai wat 1,700 tana jan ampa kusan 8. Mai 2,400 tana jan kusan 11. Ki sa ɗan ƙanin Maigida, tunda ɗan makaranta ne, ya duba jikin disjankta, wato abin da ke yanke wutar gida in an yi mata nauyi, ko takardar faktir ta kuɗin wuta, ya gaya miki ƙarfin da aka ba gidanku. A ce ampa 15 ne. Mai aljihu biyu ta kwashe 11 ita kaɗai, sauran 4 ne za a raba wa firigo da fankoki da talabijin. Ranar da abokiyar zamanki ta kunna dutsen guga a ɗakinta kina cikin gashi, disjankta ta faɗi, gida ya yi duhu, kowa kuma ya san sabon kayan wa ya jawo. Da mai ampa 8 akwai sauran wurin numfashi. In ƙarfin gidan ampa 10 ne, ko mai lita 6 ɗin sai an kashe wasu abubuwa kafin a kunna ta. In 5 ne, kar ma ki ba da kuɗin sai Maigida ya je an ƙara muku.

Kuɗin wutar kuwa bai kai yadda ake zuzutawa ba, ki riƙe wannan lissafin don ranar da faktir ta zo aka fara kallon-kallo. Wat 1,700 na tsawon rabin awa bai kai kilowat-awa ɗaya ba, 0.85 ne, kuma a aikace bai ma kai haka ba tunda ƙarfen yana kashe kansa in zafi ya isa, ya sake kamawa. Daidai yake da fankar sama mai wat 60 ta yi awa 14 tana juyawa. In kullum kika yi zubi biyu har wata guda, kilowat-awa 25 ne ko ɗoriya kaɗan. Ki ninka da farashin da ke jikin faktir ɗinku, ki gaya wa Maigida tun yanzu, ki kuma ajiye masa kuɗin man gyaɗan da za a daina ƙonawa a gefe ya kwatanta.

Sai halin wutar kanta. A watannin zafi, Afrilu da Mayu, kowa ya kunna abin sanyi, wuta takan zo da rauni, ki ga ƙwan fitila ya yi ja. In bolt ya sauka daga 220 zuwa 180, tukunyar ta yi asarar kashi ɗaya cikin uku na zafinta, gashi ya ƙara ɗaukar lokaci. Wani lokaci kuma a ɗauke gaba ɗaya nama na tsakiyar gashi, shi ya sa nake son a fara sulalawa, ko an ɗauke sai ki ƙarasa a kan gawayi ba tare da fargabar ɗanyen nama ba. Kar ki sa rai da ƙaramin gurup ɗin nan, wato janareta, da bai kai wat 1,000 ba, ba zai ja ta ba. Solar gida mai batir ɗaya ma haka, don wat 1,700 daga batir mai bolt 12 ya haura ampa 140, kashe batirin kawai za ki yi. Kuma don Allah a bango za a sa ta, kai tsaye, a soket mai ƙwari. Doguwar wayar jonin nan mai araha da ake cajin waya da ita narkewa take yi. Kayan Kano yawanci da kai mai ƙafa uku masu faɗi suke zuwa, namu ramukan kuwa zagayayyu ne. Maimakon ɗan abin jonin roba da ke yin zafi, ki kira mai gyaran wuta ya sa miki soket ɗin da ya dace da ita a madafa. In wani ya ce zai aiko miki daga Amurka, ki tambayi bolt tukuna, tasu 120 ce. Wata maƙwabciyata ɗanta ya aiko mata da irinta, kyakkyawa, baƙa siɗik, muka taru kallo. Kunnawa ɗaya ta yi ƙara, hayaƙi ya fito ta baya, yanzu zare da allura take ajiyewa a aljihun.

Tsakanin mai maɓallin murɗawa da mai allon taɓawa, ni mai murɗawa nake zaɓa wa gidajenmu. Ba ta da kyan gani kamar ɗayar, amma babu wani allon lantarki a cikinta da hawa da saukar wuta za su lalata, ƙurar hunturu ba ta dame ta ba, kuma Inna ma za ta iya kunna ta. Abu ɗaya za ki kula, agogonta na murɗawa ne, ba da wuta yake aiki ba, ko an ɗauke wuta yana ci gaba da tafiya, sai ya buga ƙararrawa nama bai gasu ba.

Kar ki yi kyauta da kaskonki. Duk abin da ƙullu ne mai ruwa, ƙosai, fanke, 'yar tsala, ba aikinta ba ne. Na gwada ƙosai sau ɗaya don taurin kai, ƙullun ya bi ramukan kwando ya sauka ƙasa, abin da ya rage a sama fanka ta busar da shi ya zama wani abu da ko kaji sai da suka yi shawara kafin su tsattsaga. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Inda take nuna bajinta shi ne kaza, zabo, kifi, tsire, dankalin hausa da na turawa, doya, awara, sambusa, gyaɗa, har fara in lokacinta ya yi. Su ma ba a bushe ake sa su ba, cokali ɗaya na mai za ki zuba a tafin hannu ki murje su da shi, musamman zabo da ba shi da kitse. Ba a tsiyaya mai a cikin aljihun kamar kasko. Dankali kuma a riƙa jawo aljihun ana girgizawa, sannan kar a cika shi fiye da rabi.

Yanzu ga abin da ya fi damunki. Hawan jini bai san ranar girki ba. In kwana biyunki Maigida ya ci gashi, kwana biyun abokiyar zamanki ya koma wa mai, rabin aiki kika yi, ga kuma zancen da kike tsoro ya samu ƙofa, don kowa zai ga abincinsa yana sauya kama da sauyin ɗaki. Saboda haka tukunyar nan ba a ɗakinki za ta zauna ba, a madafar da kuke girki ku biyu za ta zauna. Kuma kar ta fara ganinta ranar da aka sauke kwali a tsakar gida. Tun yau ki same ta ki ce, Amarya, kin ji abin da likita ya ce wa Malam, ga abin da nake tunani, zo ki ga hotunan, wacce kika gani? Ko da kin riga kin yanke shawara, tambayar tana da ranarta. Maigida kuma shi ne zai faɗa da bakinsa, a gabanku ku biyu da Inna, cewa likita ya hana shi mai. In daga bakinsa ta fito, abincin mara lafiya ne. In ke kika fara, wata na iya cewa sabon salon kissa ne.

Ba na cewa ki sadaukar da kayanki. Da adashinki kika saya, taki ce, ki faɗi haka a fili cikin raha tun ranar farko, tare da dokokinta: ba a kankare kwandon da soson ƙarfe ko toka, ba a tsokano nama da cokali mai yatsu don baƙin shafin cikin yana ɓarewa, ba a jingina bayanta da bango ko labule, a bar mata kamar taƙi ɗaya tunda ta nan zafi ke fita, ba a ɗora ta a kan tabarmar leda, yara ba sa kunnawa. In kuwa kin san zamanku bai kai a yi tarayya a kan kayan mutum ɗaya ba, ke kika san gidanki, to ki mayar wa Maigida da maganar ya saya da kuɗinsa ta zama kayan gida kamar firigo. Gaskiya ma ni da za a bi ta tawa, haka ya fi. Jininsa ne ya hau, kontarsa ce, gidansa ne. Maza dai akwai su da cewa a ɗauki ƙarama in ba daga aljihunsu kuɗin zai fita ba, in daga nasu ne kuma su ce a jira.

Batun rowa ga yara, zubi na biyun nan shi ne maganinsa. Ba lallai sai kaza ba. Dankalin hausa mai araha, a yanka shi tsaye-tsaye, a murje da ɗan mai da yaji, minti 20, a juye a tire ɗaya yara takwas su zagaye shi. Ki fara da wannan a daren da ta iso, kafin Maigida ya ɗanɗana komai daga cikinta.

Kar kuma a ɗora wa tukunya abin da ba za ta iya ba. Mai take ragewa, ba ta san gishiri ba, likita kuwa biyu ya ambata, kuma a sha'anin hawan jini gishirin ne babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kar ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi da yajin tsire da kilishi. In kika gasa kaza ba mai amma kika murje ta da dunƙule huɗu, an gudu ba a tsira ba. Ki ƙara tafarnuwa, citta, kanumfari, albasa da lemon tsami, ki rage dunƙule a hankali yadda bakinsa zai saba. Maganin da aka rubuta masa kuma ya ci gaba da sha, ya riƙa komawa awo.

Kafin ki ba ƙanenki kuɗi, ki fara zagaya Kasuwar Dole da shagunan kayan wuta na cikin gari da kanki. Ko da an ɗan fi tsada a nan, za ki riƙe kwandon da hannunki, a kunna miki a gabanki, in ta ba da matsala bayan mako guda kin san ƙofar da za ki koma, ba sai an tsallaka iyaka ba. In duk da haka Kanon ce ta fi sauƙi, to ki ce masa kar ya biya sai an fito da ita daga kwali. Ya turo miki hoto biyu ta WhatsApp: ɗaya na takardar da ke ƙarƙashinta, ki ga bolt 220 zuwa 240 da wat ɗin da bai wuce 1,800 ba, ɗaya na tef ɗin tela kwance a gindin kwando, ki ga santimita 22 ko fiye. Sannan a jona ta a shagon minti biyar, ya ji fankar na juyawa ba kwaramniya, ya jawo aljihun ya ji zafi ya bugi hannunsa. Ya karɓo rasit, ya kuma riƙe kwalin a kan cinyarsa a mota, kar ya yarda a ɗaure masa shi a sama tare da buhuna.